Me Mai Tara Fayafan Jim Reeves Yake Mallaka?

Tara fayafan garmaho na mawaƙi guda ɗaya tsohuwar sha'awa ce a tsakanin masoya kiɗan kantiri, wato kiɗan da ya samo asali daga karkarar kudancin Amurka. Mai wannan sha'awa ba ya tsayawa kan samun waƙoƙin da yake so. Yakan bi kowane bugu da aka yi na fayafan gwaninsa, na gida da na ƙetare, na farko da na baya, har ya kai ga ajiye waƙa ɗaya a faifai biyar ko shida waɗanda da ƙyar kunne yake bambanta su. A yau kusan duk waɗannan waƙoƙi suna intanet, ana jin su a waya ba ƙarar ƙura ba tsallen allura. Shi ya sa al'adar ta zama abin tambaya ga masu falsafa da malaman addini. Tunda waƙar tana hannun kowa, mene ne ainihin abin da mai tara faifai ya mallaka, kuma wane matsayi wannan mallaka ta cancanta a rayuwar mutum?

Babu mawaƙin da ya fi Jim Reeves dacewa da wannan bincike. An haife shi ran 20 ga Agusta 1923 a wani ƙauye mai suna Galloway a gabashin jihar Texas. Ya fara neman abinci da wasan ƙwallon sanda na Amurkawa, rauni ya raba shi da fili, ya koma mai gabatar da shiri a gidajen rediyo, ciki har da KWKH na birnin Shreveport. Fayafansa na farko sun fito ne daga ƙananan kamfanoni, Macy's na Houston sannan Abbott, kafin babban kamfanin RCA Victor ya ɗauke shi a 1955. A can ne, tare da furodusa Chet Atkins, ya sauya salo. Da can yana ɗaga murya kamar sauran mawaƙan Texas. Daga waƙar “Four Walls” ta 1957 sai ya sauke ta ƙasa, ya matso dab da makirfo, aka janye kaifin gogen ƙauye da kukan gitar ƙarfe, aka kawo fiyano da 'yan amshi masu taushin murya. Wannan salo, wanda ya shahara da sunan birnin Nashville, shi ne ya shigar da kiɗan kantiri kunnen mutanen birni. “He'll Have to Go”, da aka ɗauka a ƙarshen 1959, ta yi mako 14 a saman jadawalin waƙoƙin kantiri a 1960, ta kuma kai ta biyu a jadawalin gama-gari, alhali da farko a bayan faifai aka sa ta, ba a fuskar da kamfani yake sa ran za ta ci kasuwa ba.

Farin jininsa ya tsallake teku. Ya zagaya Afirka ta Kudu a 1962, ya koma ya fito a fim a can, har ya rera waƙoƙi da harshen Afirkans. Ya samu masoya masu yawa a Ingila, Ireland, Norway, Indiya da Sri Lanka, haka nan a Nijeriya, inda waƙoƙinsa, musamman na addini, suka zauna a rediyo da gidajen jama'a shekara da shekaru. Ran 31 ga Yuli 1964 ƙaramin jirgin saman da yake tuƙawa ya faɗi cikin hadari mai ƙarfi kusa da Nashville, ya mutu tare da makaɗin fiyanonsa Dean Manuel. Shekararsa 40. Amma fitar fayafansa ba ta tsaya ba, domin ya bar sauti mai yawa a tef, matarsa Mary kuma ta riƙa sakin sa kaɗan-kaɗan tare da RCA. Mai tara fayafan Reeves ke nan yana fuskantar abu uku a lokaci guda: bugu daga ƙasashe da dama, fayafai masu tarin yawa da suka fito bayan mai muryar ya kwanta dama, da wasu 'yan ƙalilan na farkon rayuwarsa da samun su sai an sha wuya.

Kafin a shiga tambayar mallaka, ya kamata a san yadda faifan yake samuwa. Thomas Edison ya ƙirƙiro na'urar ɗaukar sauti a 1877, Emile Berliner kuma ya kawo faifai mai faɗi bayan shekara goma. Fayafan farko masu nauyi ne, masu saurin fashewa, suna juyi 78 a minti. A 1948 kamfanin Columbia ya fito da babban faifan roba mai juyi 33 da sulusi, wanda kowace fuskarsa take ɗaukar minti ashirin da wani abu, a 1949 RCA Victor ya mayar da martani da ƙarami mai juyi 45. Reeves ya ratsa dukkan nau'o'in uku. A zamaninsa, akan ɗauki waƙa a tef, sannan wata na'ura ta yanka siririyar tsaga mai lanƙwasa a kan faifai mai laushi, gwargwadon rawar sautin. Daga wannan ake zuba kwafin ƙarfe, daga shi a zuba wani, daga shi kuma a fitar da hatimin da zai danne narkakkiyar roba. Hatimi yana gajiya, sai a sauya shi. Saboda haka ko a bugu ɗaya fayafai ba su zama daidai wa daida ba. A filin da ke tsakanin ƙarshen waƙa da takardar tsakiya akwai lambobi da aka zana ko aka buga, waɗanda suke nuna yankan da aka yi amfani da shi, wani lokaci har da masana'anta. RCA yana da masana'antu a Indianapolis, Rockaway da Hollywood, kuma gogaggen mai tarawa yakan karkata faifai zuwa haske ya karanta inda aka buga shi. Yakan duba ko lambar kwalin ta fara da LPM, alamar sauti mai hanya ɗaya, ko LSP, mai hanya biyu. Yakan gane siraran fayafan da kamfanin ya fara bugawa wajen 1969, da masu rahusa na reshensa Camden.

Idan aka koma kan tambayar mallaka, amsar da ta fi saurin zuwa ita ce mai tarawa ya mallaki waƙar. Wannan ba ta tsayuwa ko a shari'a ko a hankali. A shari'a, haƙƙin kalmomi da karin waƙa na marubucinta ne da mawallafinsa, haƙƙin sautin da aka ɗauka kuma na kamfani ne. Wanda ya sayi faifai yana da ikon saurare, kyauta ko sayarwa, amma ba shi da ikon buga wani. A hankalce kuma waƙa ba ta zaune a wuri ɗaya balle a kulle ta a akwati. Da za a ƙona dukkan fayafan wata waƙa, muddin akwai mai iya rera ta, tana nan. Masanin falsafa Ba'amurke Nelson Goodman, a littafinsa na 1968 kan harsunan fasaha, ya raba ayyukan fasaha gida biyu. Akwai waɗanda tarihin yin su yana cikin zatinsu, kamar zanen hannu, inda kwafi komai kyansa jabu ne idan aka ce shi ne na asali. Akwai kuma waɗanda duk wanda ya bi tsarinsu daidai ya kawo su da gaske, kamar waƙa ko rubutaccen labari. A wannan rabo waƙa tana gida na biyu. Faifai kuwa, idan aka auna shi da ma'aunin Goodman, ya fi kusa da gida na farko, duk da cewa dubbai aka buga, domin abin da ya sa ya zama bugun Indianapolis na 1960 shi ne ya fito daga wancan hatimi a wancan lokaci. Shi ya sa ake samun jabun faifai a kasuwa, amma ba a samun jabun waƙa. Abin da ke hannun mai tarawa yana da asali da salsala, ko da yake ba shi ne waƙar ba.

Wasu sukan ce muryar mamaci suke adanawa, kuma wannan amsa ta fi ta farko nauyi. Akwai sarƙa ta zahiri wadda ba ta yanke ba: iskar da ta fito daga ƙirjin Reeves ta girgiza makirfo, girgizar ta zama alama a tef, alamar ta zama lanƙwasar tsaga, tsagar kuma tana girgiza allura a ɗakin mai saurare bayan shekara sittin. Wanda ya riƙe bugun farko yana jin cewa matakan da ke tsakaninsa da wancan numfashi kaɗan ne. Ba a raina wannan ji. Sha'awar kusanci da wanda ya tafi ta hanyar abin da ya bari tana cikin ɗabi'ar ɗan Adam, kamar yadda iyali suke adana rigar mahaifinsu ba don sun rasa sutura ba.

Sai dai tarihin Reeves kansa yana dagula wannan amsa. Muryar da ake ji a faifai, mai kauri da taushi kamar ana raɗa wa mutum a kunne, ba wadda mai zama a ɗakin ɗaukar sauti zai ji da kunnensa ba ce. Makirfo da injiniya suna da hannu a ginin ta, tun yana raye. Bayan mutuwarsa abin ya ƙara nisa. “Distant Drums”, wadda ta yi mako biyar a saman jadawalin Birtaniya a 1966, ɗaukar gwaji ce da bai yi don kasuwa ba, aka ɗora mata sabon kiɗa bayan ba ya duniya. A 1979 da 1980 an haɗa muryarsa da ta Deborah Allen, wadda ba ta cika shekara 11 ba lokacin da ya rasu. A 1981 aka fitar da faifan da yake amsa waƙa da Patsy Cline, wadda ita ma hatsarin jirgi ya kashe a 1963, alhali su biyun ba su taɓa ɗaukar waƙa tare ba. An ciro muryar kowannensu daga tef ɗinsa ne aka daidaita. Irin wannan faifai shaida ne na wani zama da ba a taɓa yi ba. Masu tarawa sun rabu a kansa. Wasu suna ganin duk abin da bai ji ya amince da shi ba bai kamata a jingina masa ba, wasu kuma suna ganin muryar tasa ce ko da wa ya yi mata sutura. Hujjar ɓangaren farko ta fi ƙarfi ta fuskar amana, domin mamaci ba ya iya cewa a'a, kuma an san Reeves mutum ne mai tsananin kula da yadda sautinsa yake fita. Amma ɓangare na biyu ma yana da abin faɗi: ba don wannan aiki ba, da waƙoƙi da dama da mutane suka ƙaunata sun ruɓe a ma'ajiya.

Bajamushe Walter Benjamin ya yi hasashe a wata maƙala ta tsakiyar shekarun 1930 cewa buga aikin fasaha da inji zai kashe kwarjinin da abu tilo yake da shi, tunda babu sauran wani “na asali” da za a yi tattaki a gani. Faifai yana cikin misalan da hasashen ya shafa kai tsaye. Abin da ya faru a hannun masu tarawa ya nuna hasashen bai cika duka ba. Fayafai dubu da suka fito daga hatimi ɗaya suna rabuwa daga ranar da suka bar masana'anta. Wani ya tafi Johannesburg, wani ya shekara talatin a gidan rediyo an buga masa tambari, wani an rubuta sunan amarya da ango a kwalinsa, wani zafi ya lanƙwasa shi. Kowanne ya samu tarihin da ba na ɗan'uwansa ba. Benjamin da kansa mai tara littattafai ne, musamman tsofaffin littattafan yara, kuma a wani rubutu na 1931 ya bayyana cewa abin da ke jan mai tarawa shi ne ƙaddarar kowane kwafi da hannayen da ya ratsa. Idan aka bi wannan, mai tara fayafan Reeves ya mallaki shaida guda ce, mai lalacewa, ta yadda wata murya ta bi duniya. Wannan ita ce amsar da ta fi jure bincike, kuma ba ƙaramin abu ba ne, domin daga irin waɗannan shaidu ake gane yadda waƙar Texas ta isa Colombo ko Legas.

Daga nan wata matsala take tasowa wadda ba ta da cikakkiyar mafita. Faifai ba ya magana sai allura ta bi tsagarsa, kuma kowane bi yana ɗan cin roba, musamman idan allurar ta tsufa ko ƙura ta shiga. A kasuwar masu tarawa daraja tana bin lafiyar faifai ne, daga wanda ba a taɓa sa wa allura ba zuwa wanda ya sha jiki, kuma tazarar farashi tsakanin matakan tana da yawa. Mafi tsada shi ne wanda har yanzu yake cikin ledar masana'anta. Ma'ana, faifan da ya fi daraja shi ne wanda bai taɓa yin aikin da aka yi shi dominsa ba, kuma ranar da ya yi, darajarsa ta faɗi. Wasu sukan sayi biyu, ɗaya na saurare ɗaya na ajiya. Dabarar tana rage asara amma ba ta amsa tambayar ba, domin na ajiyar yana nan a rufe, ba wanda ya san ko lafiyayye ne ko ya lanƙwashe a ciki. Bafaranshe Jean Baudrillard, a littafinsa na 1968 kan tsarin kayayyaki, ya lura cewa abin da aka tara yakan rabu da amfaninsa ya koma lamba a cikin jeri, kuma abin da ya fi riƙe zuciyar mai tarawa shi ne guda ɗayan da babu. Duk wanda ya san masu wannan sha'awa ya ga alamar haka: faifan da aka shekara ana nema yakan rasa rabin armashinsa a makon da ya iso.

Jerin Reeves kuwa ba ya ƙarewa. Tun 1994 kamfanin Bear Family na Jamus ya fitar da akwati mai faifan CD 16 da ya tattaro mafi yawan abin da ya ɗauka, don haka mai neman sautin kawai ya huta. Mai neman bugu ba shi da ranar hutu, domin bayan na Amurka akwai na Ingila, na Afirka ta Kudu, na Indiya, kowanne da kwalinsa da launin takardarsa. Kamfanonin yau sun fahimci wannan rauni sarai. Bayan faifan CD ya kusa kashe na roba daga shekarun 1980, kasuwarsa ta farfaɗo, har a 2022 yawan fayafan roba da aka sayar a Amurka ya zarce na CD a karon farko tun 1987. A shekarar ce Taylor Swift, wadda ita ma da kiɗan kantiri ta fara a Nashville, ta fitar da kundinta Midnights a kwalaye huɗu daban-daban waɗanda idan aka jera bayansu suke haɗa fuskar agogo. Wani bincike da kamfanin Luminate ya fitar a 2023 ya nuna cewa rabin masu sayen faifan roba a Amurka ne kawai suke da na'urar sauraren sa. Akwai bambanci na gaske tsakanin ƙarancin da tarihi ya haifar, kamar na fayafan Macy's da aka buga kaɗan saboda mawaƙin bai yi suna ba tukuna, da ƙarancin da aka tsara a ofishin talla don a sa mutum ɗaya ya sayi abu ɗaya sau huɗu. Na farko yana koya wa mai nema wani abu game da zamanin da ya wuce. Na biyu ba ya koyar da komai sai yadda ake sarrafa kwaɗayi.

Addinai sun daɗe da sanin wannan kwaɗayi, tun kafin a ƙirƙiro garmaho. Reeves kansa ya yi kundaye na waƙoƙin ibadar Kirista, kamar wanda ya fito a 1959 da na 1962. A Linjilar Matta sura ta 6 akwai gargaɗi kan tara dukiyar da asu da tsatsa suke ci, a Luka sura ta 12 kuma akwai misalin attajirin da ya ƙudura faɗaɗa rumbunansa a daren da za a karɓi ransa. Augustine, limamin Hippo a ƙasar da yau ake kira Aljeriya, wanda ya rasu a 430, ya tsara batun da kyau. Ya bambanta abin da ake so don kansa da abin da ake amfani da shi don a kai ga wanda ake so, ya ce Allah ne kaɗai ya cancanci matsayi na farko. A ganinsa kayan duniya ba mugaye ba ne, ɓarnar tana zuwa ne idan aka rikita jerin ƙauna, aka ɗora na ƙasa a sama. Da wannan ma'auni, tambayar da ke kan mai tarawa ba ta yawan fayafai ba ce. Ana tambaya ne ko suna kai shi ga wani alheri da ya fi su, kamar godiya, natsuwa da zumunci, ko kuwa a kansu tafiyar ta tsaya.

A Musulunci akwai tambayar da take gaba da wannan, wato hukuncin kiɗan kansa. Jumhurin malaman mazhabobi huɗu sun hana kayan kiɗa masu tsirkiya da na busa, suka yi rangwame kan ƙaramar ganga mai fuska ɗaya a lokacin biki. Ibn Hazm na Andalus, wanda ya rasu a 1064, ya saɓa musu, yana ganin hadisan hanin ba su inganta ba. Imam Gazali, wanda ya rasu a 1111, ya halatta sauraren kyakkyawar murya da sharuɗɗa a cikin Ihya'u Ulumiddin, amma ya ware masu tsirkiya da wasu na busa saboda alaƙarsu da majalisar mashaya. Saɓanin yana nan har yau. Ga wanda ya bi ra'ayin hani, maganar tara irin waɗannan fayafai ta ƙare tun daga nan. Ga wanda ya bi ra'ayin halacci, sauran tambayoyin suna nan daram, kuma su ne dai za a yi wa mai tara littattafai, agoguna ko dawakai.

Ta fuskar fiƙihu lamarin yana da sauƙi fiye da yadda ake zato. Ayoyin Suratut Tauba da suka yi kashedi kan taskace zinariya da azurfa, jumhuri sun fassara su da dukiyar da ba a fitar wa zakka ba, ko da yake sahabi Abu Zarril Gifari ya tsananta, yana ganin duk abin da ya wuce buƙata ya shiga ciki. Kayan da mutum ya ajiye don amfanin kansa babu zakka a kansu komai tsadarsu. Waɗanda ya saya da niyyar ciniki kuwa akwai, kuma Malikiyya sun bambanta ɗan kasuwa mai jujjuya haja, wanda yake ƙiyasta kayansa duk shekara, da mai ajiyewa yana jiran farashi ya tashi, wanda yake fitar da zakkar shekara ɗaya ranar da ya sayar. Mai sayen faifai a rufe don ya sayar bayan shekara goma ya fi kama da na biyun nan. Abin lura shi ne faifai ɗaya a kan kanta ɗaya yana iya ɗaukar hukunci biyu, kuma niyyar mai shi lokacin saye ce take rabawa. Sai kuma batun almubazzaranci, wanda ake aunawa da halin mutum da haƙƙoƙin da ke wuyansa. Kuɗin da ba komai ba ne ga wani, ga wani kuɗin makarantar 'ya'yansa ne, kuma babu bugun farko da ya kai a tauye iyali dominsa.

Inda maganar ta fi zurfi shi ne wajen malaman tarbiyyar zuciya. Suratut Takasur tana magana kan gasar tara abu da take shagaltar da mutane har mutuwa ta riske su, Suratul Humaza kuma ta siffanta wanda ya tara dukiya yana ta ƙirga ta, yana zaton za ta dawwamar da shi. Siffar ƙirgawa ta dace da wannan sha'awa ƙwarai, domin mai tarawa ba ya rabuwa da lissafin abin da ya samu da abin da ya rage. Amma Alƙur'ani a Suratul A'araf ya kuma yi inkarin masu haramta ado da daɗaɗan abubuwan da Allah ya fitar wa bayinsa, don haka jin daɗin abu mai kyau ba laifi ba ne a kan kansa. Gazali ya bayyana cewa zuhudu aikin zuciya ne, ba a gane shi da tsummokara, kuma daga alamominsa akwai kada samu ya sa mutum ɗagawa, kada rashi ya karya shi. Wannan ma'auni ya fi na yawan kaya tsanani, ya kuma fi shi adalci. Ana iya samun mai faifai dubu wanda yake ba da aro da sakin fuska, yana kunna wa baƙo mafi tsadarsu, idan ɗaya ya fashe ya yi juyayi na yini ya wuce. Ana iya samun mai guda ashirin wanda ba ya barci saboda na ashirin da ɗaya, wanda yake ɓoye wa matarsa farashi, yake jin zafi idan abokinsa ya riga shi samu. Na farkon yana riƙe da kayansa a matsayin amana. Na biyun yana buƙatar ya binciki kansa, ko da kuwa duk abin da ya kashe bai taka kara ya karya ba.

Akwai kuma alherin da bai kamata a manta da shi ba. Sauraren faifai yana tilasta haƙuri da tattara hankali: a zaro shi, a goge, a ɗora allura, a zauna minti ashirin ba tsallake waƙa, a tashi a juya. A zamanin da ake jin kiɗa ana wani aikin, wannan horo ne na ba abu haƙƙinsa na kulawa. Sannan ilimin da masu tarawa suka gina ba na wasa ba ne. Da yawa daga abin da aka sani game da ranakun ɗaukar waƙoƙin kantiri na da, da sunayen makaɗan da kamfanoni ba su damu su rubuta a kwali ba, daga haƙurin irin waɗannan mutane ya fito.

Ragowar tambayar ita ce makomar tarin bayan mai shi. Galibi magada ba su gaji sha'awar ba, kuma sukan tarar cewa mafi yawan fayafan Reeves ba su da tsada, saboda an buga su da yawan gaske. Dillali yakan zo ya zaɓi 'yan ƙalilan masu wuyar samu, sauran a sayar da su a dunƙule, jerin da aka shekara arba'in ana haɗawa ya watse cikin mako guda. Ko gidan tarihin da Mary Reeves ta buɗe a Nashville don kayan mijinta bai ɗore ba, an rufe shi a shekarun 1990 kafin rasuwarta a 1999. Tarin da ya tsira shi ne wanda mai shi ya yi masa tanadi tun yana raye. Bob Pinson, wani mai tara tsofaffin fayafan kantiri, ya miƙa nasa ga gidauniyar da ke kula da gidan tarihin kiɗan kantiri na Nashville a farkon shekarun 1970, ya kuma yi aiki a can shekaru masu yawa, har taskar sautin gidan take ɗauke da sunansa. A irin wannan taska akan kwafe sautin faifai zuwa kwamfuta don masu bincike su saurara, a rubuta lambobinsa da asalinsa a kundi, sannan a jera shi a tsaye a ɗaki mai sanyi da ƙarancin laima, inda roba take iya jure shekaru masu yawa ba ta lanƙwashe ba.